Awon abokin karawa: daga filin Tawa zuwa teburin dodanni

A shekarar 1975 aka yi gasar kokowar ƙasa ta farko a birnin Tawa, Kantu na Maraɗi ya yi nasara. Gasar ba ta raba ƴan kokowa bisa nauyi ba. Ta gaji al'adar karkara, irin ta ƙauyukan Adar bayan girbi, inda idon manya ke hana a haɗa yaro da ƙato.

Shekara guda kafin haka, a Amurka, Gary Gygax da Dave Arneson suka ci karo da wannan matsala a wasansu na Dungeons & Dragons, inda ƴan wasa ke zama a tebur suna taka rawar jarumai, jagora kuma yana turo musu dodanni. Dodo mai rauni yakan kawo hamma. Wanda ya fi ƙarfinsu yakan kashe labarin tun farkon dare. Dabarar farko ita ce zurfi: gwargwadon nisan da aka yi cikin kogo, gwargwadon muguntar abin da ke ciki. A 2000 bugu na uku ya ba kowane dodo lamba, aka auna ta da jarumai huɗu, da nufin faɗa ɗaya ya cinye kusan kashi 20 cikin ɗari na tanadinsu.

Amma lamba ba ta ƙirga wayo, gajiya ko yanayin wuri. Shi ya sa har yau hukunci na ƙarshe yana hannun jagora, kamar yadda yake hannun dattijon bakin fili.