Roman Herzog

Roman Herzog (1934–2017) masanin shari'a ne kuma ɗan siyasar Jamus na jam'iyyar CDU mai ra'ayin mazan jiya. Ya shugabanci Kotun Tsarin Mulki ta Tarayya daga 1987 zuwa 1994, sannan ya riƙe kujerar shugaban ƙasa daga 1 ga Yuli, 1994 zuwa 30 ga Yuni, 1999.

An haife shi ranar 5 ga Afrilu, 1934 a garin Landshut na jihar Bavariya, mahaifinsa kuwa ma'aikacin adana takardun tarihi ne. Ya karanta shari'a a Jami'ar Munich, ya sami digirin digirgir a 1958, ya zauna ƙarƙashin malaminsa Theodor Maunz a matsayin mataimaki. Daga nan ya koyar a Freie Universität da ke Berlin, kafin a 1969 ya koma makarantar nazarin harkokin mulki ta Speyer. Sunansa ya fito ne ta sharhin nan mai juzu'i da yawa a kan kundin tsarin mulkin 1949, wanda Maunz da Günter Dürig suka assasa, Herzog kuma ya shiga cikin marubutansa. Bayan rasuwar Maunz a 1993 asiri ya tonu cewa malamin, wanda ya yi wa shari'ar 'yan Nazi hidima tun yana matashi, ya daɗe yana rubuta wa wata jaridar masu tsattsauran ra'ayi maƙalu ba tare da sa suna ba. A 2021 aka cire sunan Maunz daga bangon littafin, na Herzog ya hau.

Ya shiga CDU a 1970. A 1973 Helmut Kohl, wanda a lokacin yake jagorantar jihar Rhineland-Palatinate, ya tura shi Bonn a matsayin wakilin jihar. A 1978 ya zama ministan ilimi na jihar Baden-Württemberg, inda ya zauna jarrabawar Latin ta kammala sakandare ba tare da masu maki sun san takardar wa suke dubawa ba, kuma ya ci da kyau. Da ya koma ma'aikatar cikin gida a 1980, an san shi da tsanani: ya kawo tsarin cajin masu zanga-zanga kuɗin aikin 'yan sanda idan suka ƙi watsewa.

Shi ya sa mutane da dama suka yi ɗari-ɗari lokacin da aka naɗa shi mataimakin shugaban Kotun Tsarin Mulki da ke Karlsruhe a 1983. Amma rigar alƙali ta fito da wani ɓangare na halinsa. A 1985 sashen da yake jagoranta ya yanke hukuncin Brokdorf, wanda ya taso daga haramcin da aka ɗora wa masu adawa da wata tashar nukiliya. Kotun ta ce 'yancin taruwa ginshiƙi ne na dimokuraɗiyya, kuma ɓarnar 'yan tsiraru ba ta isa hujjar hana masu lumana fitowa ba.

Ba shi ne zaɓin farko na jam'iyyarsa a takarar shugaban ƙasa ba. Sai da ɗan takarar farko, Steffen Heitmann, ya janye aka waiwaye shi. Ranar 23 ga Mayu, 1994 ya kayar da Johannes Rau na SPD a zagaye na uku. Muƙamin ba shi da ikon zartarwa, jarinsa magana ce kawai, Herzog kuwa mutum ne mai faɗar abu kai tsaye cikin raha da karin harshen Bavariya. Wata guda da hawansa ya je Warsaw bisa gayyatar shugaban Poland Lech Wałęsa, a cikar shekara 50 da boren birnin, ya roƙi gafarar mutanen Poland kan abin da Jamusawa suka yi musu. A 1995 ya yi jawabin karrama Annemarie Schimmel, masaniyar Musulunci da sufanci, duk da surutun da lambar yabon da aka ba ta ta tayar. A 1996 ya ayyana 27 ga Janairu, ranar 'yantar da sansanin Auschwitz, ranar tunawa da waɗanda mulkin Nazi ya hallaka.

Jawabin da ya fi shahara da shi shi ne na 26 ga Afrilu, 1997 a otel ɗin Adlon na Berlin, inda ya koka da rashin aikin yi, da yawan dokoki masu ɗaure hannu, da tsoron sauyi, ya nemi ƙasar ta zabura. An yaba da jawabin ƙwarai, sai dai gyare-gyaren da ya kira ba su zo da wuri ba.

Bai nemi wa'adi na biyu ba, Rau ne ya gaje shi. Daga 1999 zuwa 2000 ya shugabanci taron da ya tsara Yarjejeniyar Haƙƙoƙin Asali ta Tarayyar Turai, wadda aka ƙaddamar a birnin Nice a Disamba 2000. Matarsa Christiane, wadda suka haifi 'ya'ya maza biyu, ta rasu a shekarar. Ya sake aure a 2001, ya zauna a Jagsthausen. Ya mutu ranar 10 ga Janairu, 2017 a Bad Mergentheim, yana da shekara 82.