Ƙirƙirarriyar Basira da Ma'aunin Malaman Gwandu

Abin da wannan takarda ta nufa shi ne a duba tarihin abin nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira, sa'an nan a auna shi da ma'aunin da malaman ƙasar Gwandu suka bar mana.

A shekarar 1950 wani masanin lissafi na Ingila, Alan Turing, ya kawo shawara cewa in mutum ya yi zance da na'ura a rubuce, ya kasa rarrabe ta da ɗan Adam, to, sai a ce ta ci jarrabawa. A 1956 John McCarthy da abokansa suka taru a Kwalejin Dartmouth ta Amurka, daga nan sunan wannan fanni ya kafu. Tun daga ranar iyakarsa ba ta zauna wuri ɗaya ba. Sa'ad da kwamfutar Deep Blue ta kayar da gwanin darar Turawa, Garry Kasparov, a 1997, an yi ta mamaki. Da aka saba, sai aka ce ai ƙirga ce kawai. Haka aka yi da fassarar Google, wadda ta fara Hausa a 2013. Watau duk abin da na'ura ta ƙware a kai, sai mutane su tuɓe masa rawanin basira. ChatGPT kuwa, da ya fito a 2022, shi ya kai gardamar har zaurukan karatu.

To, malamanmu da wane mudu suka auna mai ilmi? Mu dubi Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya jagoranci rundunar da ta ci Birnin Kebbi a 1805, kabarinsa kuwa yana Gwandu. Ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, don ya lissafa malaman da ya yi karatu wurinsu da littattafan da ya sauke: mahaifinsa ya koya masa Alƙur'ani, sa'an nan ga wansa Shehu Usmanu, ga Malam Jibrilu ɗan Umaru, da sauransu. Shi kansa harshen Hausa ya riƙe wannan ma'ana, gama mukan ce an "ɗauki" karatu, kuma ba a ɗaukar abu sai daga hannun wani. Saboda haka tambayar farko ga mai da'awar sani ita ce, "Wurin wa ka ɗauka?"

Game da hanyar koyo kuwa, Abdullahi ya lura abin da aka rera ya fi zama a kai. Don haka ya tsara ilmin sarafu cikin waƙa a littafinsa Hisnur Rasin. Amma hadda ƙofa ce kurum. Har yau a zaurukan Gwadangaji da Birnin Kebbi da Argungu almajiri yakan ja baƙi, malam ya fassara, ya gyara masa, kuma ba a yi masa ƙari sai ya biya na jiya. Kunne da ido da hannu duk suna aiki tare, ba a bar wa ɗalibi ya zaɓi mai sauƙin kaɗai ba.

A bisa wannan mudu, na'urar zamani ta wuce kowane mahaddaci yawan abin da ta taɓa, gama an horar da ita da rubutu mai ɗimbin yawa, tana hasashen kalmar da ta dace ta biyo baya. Amma ba ta da salsala. Takan faɗi daidai da kuskure da murya ɗaya, har takan ƙago sunan littafin da babu shi. Ɗalibin da ya kwafe amsarta bai bi sawunta ba, ya sha ruwan da bai san rijiyarsa ba.

Lalle ba a ce a guje ta ba, tambaya rabin ilmi ce. Sai dai wajibi ne malaman Hausa su riƙa neman ɗalibi ya nuna inda ya samo magana, ya kuma biya ta da bakinsa a gabansu. Allah ya sa mu dace.