Makaɗin Fiyano Mai Hannu Ɗaya

'Yan'uwa ɗalibai, ina so in ba ku tarihin Paul Wittgenstein, makaɗin fiyano mutumin Ostiriya. A 1913 ya fara kiɗa gaban jama'a, a 1914 yaƙi ya ci hannunsa na dama. Da yake ɗan attajiri ne, sai ya riƙa biyan masu tsara kiɗa su rubuta masa na hannun hagu kaɗai. Ravel ya rubuta masa wanda zai kaɗa tare da babban taron makaɗa, Franz Schmidt kuwa na mutum biyar.

Ni dai rowarsa ce ba na yafe masa. Kiɗan da Hindemith ya rubuta masa a 1923 bai gamshe shi ba, ya ƙi kaɗawa, ya kuma kulle takardun. Sai a 2004 aka fara jin kiɗan a Balin, shekara 43 bayan mutuwar Wittgenstein.