Masu gadin da ke kwana a huhu

A Talata Mafara, Bakura da Maradun, da hunturu ya ja baya zafi ya kunno kai, iyaye mata kan sa ido, don lokacin baƙon dauro, wato ƙyanda, ya zo. Yaro ya fara tari, idanu su yi jajir, sannan ƙuraje su feso daga bayan kunne. Amma tun kaka da kakanni an san wanda ya yi ƙyanda ya tashi, ba ta sake kama shi.

Likitoci sun daɗe kafin su gano dalili. A 1846 wani likitan Denmak, Peter Panum, ya je tsibiran Faro ana annobar ƙyanda, ya tarar tsofaffin da suka yi ta a 1781 ko gezau. Shekara 65 jikinsu bai manta ba. A 1961 Jacques Miller ya gano aikin wata tsoka mai suna taimos da ke bayan ƙashin ƙirji: can ake horar da ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira T, masu farautar ƙwayar jikin da cuta ta shiga su kashe ta.

Wasu daga cikinsu kan tuna cutar da suka taɓa yaƙa. Da farko an ɗauka waɗannan masu tunawar yawo kawai suke a jini. Daga 2001 aka fara ganin wasu sun tare a gaɓoɓi. A 2011 ɗakin binciken Donna Farber a Amurka ya nuna a jikin ɓeraye cewa mazauna huhu sun fi na saifa kare dabba daga mura. Suna bakin ƙofa ne. Cuta na shigowa da numfashi suke far mata, ba sai an jira ɗauki daga nesa ba. Sai dai na huhu kan ragu bayan watanni, shi ya sa ake neman rigakafin shaƙa. A 2022 Indiya ta amince da na korona da ake ɗigawa a hanci.

Abin da ya fi shafar mu shi ne ƙyanda na cin waɗannan masu tunawa. Binciken 2015 da 2019 ya nuna tana goge garkuwar da yaro ya tara, sai ciwon huhu ko gudawa su same shi ba mai tsaro. Allurar wata tara, wadda ake yi kyauta a asibitin sha-ka-tafi, tana koya wa jiki ƙyanda ba tare da wannan asara ba. Uwar da ta goya jaririnta ta kai shi, ta tsare masa duk gadin da jikinsa ya tara.