Adashi da Albashi a Ƙetaren Kogin Kaduna

Unguwannin da ke kudu da Kogin Kaduna, wato Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa, da waɗanda suka bunƙasa daga baya irin su Narayi da Sabon Tasha, albashi ne ya raya su, domin ba su gaji tsohuwar kasuwa ko fadar sarki irin ta Kano da Zariya ba. Jirgin ƙasa ne ya fara tara ma'aikata a wannan ɓangare, musamman bayan da Turawan mulkin mallaka suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, kuma layin dogo na gabas da ya taso daga Fatakwal ya zo ya haɗu da na Legas zuwa Kano a tashar da ke wannan ƙetare. Sai dai babban sauyin ya zo ne a 1957, lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, tare da kamfanin David Whitehead na Ingila, suka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri. Cikin shekaru goma masaƙun Nortex da United Nigerian Textiles da Arewa Textiles suka biyo baya, ta biyun da jarin 'yan kasuwar Hong Kong, ta ukun kuma da na Japanawa, sannan aka kafa masana'antar ƙera makamai ta DICON a 1964.

Dubban mutanen da suka cika waɗannan masana'antu galibinsu 'ya'yan manoma ne daga ƙasar Hausa da kudancin lardin Zazzau da Binuwai da Filato da wasu sassan Nijeriya, waɗanda suka saba da dukiyar da ke zuwa da kaka, a zuba a rumbu, a riƙa ɗiba da kaɗan-kaɗan har shekara ta zagayo. Albashi bai da wannan ɗabi'a, domin tsabar kuɗi ne da ke shigowa hannu a rana guda, kuma kowa ya san ranar: mai gidan haya ya sani, mai kantin da ake cin bashi a wurinsa ya sani, haka ma ƙanen da ya zo daga ƙauye neman aiki. Ma'aikacin da ya ƙi taimaka wa dangi ya zubar da mutuncinsa, wanda kuma ya biya wa kowa buƙatarsa ba zai taɓa tara kuɗin keke ko na aure ba. A tsakanin waɗannan matsaloli biyu adashi ya sami gurbinsa a ƙofar masaƙa.

Adashi, ko adashe kamar yadda wasu ke faɗa, yarjejeniya ce da mutane sanannun juna ke ƙullawa cewa kowannensu zai riƙa ba da wani ƙayyadadden kuɗi a lokaci ƙayyadadde, abin da ake kira zubi, sannan a tattara duka a miƙa wa mutum ɗaya, wanda shi ne ake cewa ya kwashe ko ya ɗauka, a haka har kowa ya samu. Rabon mutum a ciki shi ake kira hannu, don haka mai ƙarfi yana iya shiga da hannu biyu ya kwashe sau biyu, marasa ƙarfi biyu kuma su haɗu a hannu ɗaya su raba. Wadda ke tattara zubin tana tsara jerin masu ɗauka ita ce uwar adashi, kuma a al'ada wanda ya kwashe yakan ba ta ɗan tukuici. Tsarin ya girmi masana'antu, kuma ba Hausawa kaɗai ke da shi ba. Yarabawa suna da esusu, wanda masanin al'adu William Bascom ya yi rubutu a kansa a 1952, Ibo kuma suna da isusu, abin da ya sa ma'aikatan Kakuri da suka fito daga ƙabilu daban-daban ba su buƙaci a koya musu ƙa'idarsa ba.

Abin da albashi ya ƙara wa wannan tsohuwar al'ada shi ne tabbacin lokaci. Mutum goma ko goma sha biyu da ke aiki a sashe ɗaya, suna karɓar kuɗi a rana ɗaya, kowa kuma ya san matakin albashin ɗan'uwansa, sun fi kowace ƙungiya dacewa da zubin wata-wata, tun da wanda ya yi nufin saɓa alkawari gobe da safe zai tsaya kusa da waɗanda ya cuta a gaban injin saƙa. Muhimmin sirrin kuwa shi ne ana cire zubin kafin kuɗin su isa gida, ta yadda iyali ke tsara cefane da hidimarsu a kan abin da ya rage, ba tare da an ji kamar an ƙuntata wa kowa ba. Bugu da ƙari, kalmar nan “na yi zubi” uzuri ce da al'umma ta yarda da ita, domin mai neman rance yana iya zargin wanda ya ɓoye kuɗi a asusu da rowa, amma ba ya zargin wanda ya cika alkawarin jama'a. Ta wannan hanya ma'aikaci ya ci gaba da zuwa biki da suna, yana yin ɗinkin Sallah ko na Kirsimeti, duk da haka sau ɗaya a shekara ya riƙe dunƙulallen kuɗin da zai sayi rediyo ko keken ɗinki ko kwanon rufi, ko ya biya kafin alƙalami na fili a bayan gari. Malamai da dama sun ɗauki tsarin a matsayin rancen juna da babu ƙari a cikinsa, wanda hakan ya kwantar da hankalin Musulmin da ke ƙyamar kuɗin ruwa.

Hukuma ma ta kawo nata hanyoyin tanadin, daga asusun ajiya na gidan waya, da dokar ƙungiyoyin gama kai ta 1935, zuwa asusun tanadin ma'aikata na ƙasa da aka kafa a 1961 wanda ake cire wa kuɗi daga albashi kai tsaye, amma kuɗin da ba a ganinsu sai an bar aiki ba sa maganin haihuwar da ke tafe wata uku masu zuwa. Ƙungiyoyin ajiya da lamuni na cikin ma'aikatu su ne suka fi kusa da adashi, kuma ma'aikata da yawa sun riƙa haɗa su biyun.

Shekarun 1970 su ne ganiyar wannan rayuwa. An sauya fam da sule zuwa naira da kwabo a 1973, ƙarin albashin da ake kira na Udoji ya shigo hannun ma'aikata da ariyas ɗinsa a 1975, a shekarar ce kuma kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, sannan matatar man Kaduna ta fara aiki a 1980. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa, wadda aka kafa a 1978 da hedikwata a Kaduna, kuma Adams Oshiomhole ya zama babban sakatarenta a 1982, ta yi suna wajen ciniki kan albashi da alawus. Albashin maza kuma shi ke ciyar da adashin mata, domin masu tuwo da ƙosai a bakin masana'anta da masu rumfa a kasuwar Kakuri suna nasu zubin na mako-mako daga cinikin da ma'aikata ke kawo musu, suna tara kayan ɗakin 'ya'yansu da gudummawar biki.

Raunin adashi ya bayyana ne bayan shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida a 1986, wanda ya karya darajar naira. Adashi ba ya haihuwa. Abin da mutum ya zuba shi yake kwashewa, kuma idan farashi na tashi da sauri, kamar a 1995 da hauhawarsa ta haura kashi 70 cikin ɗari, wanda ya kwashe a watan farko ya ci ribar rance kyauta, na ƙarshe kuwa ya karɓi kuɗin da ba za su sayi abin da ya ƙudurta ba. Daga nan jerin ɗauka, wanda a da ake barinsa ga buƙata ko ƙuri'a, ya zama abin ja-in-ja. Bankuna ba su zama mafaka ba a lokacin, domin a Janairun 1998 kaɗai an soke lasisin bankuna 26, kuma talakawa da yawa suka ƙara amincewa da uwar adashin da suka san ƙofar gidanta.

Bugu mafi tsanani shi ne mutuwar albashin kansa. Rashin wutar lantarki, da tsadar baƙin man da tukwanen masaƙu ke sha, da kwararowar atamfofin waje masu araha ta hanyar fasa-ƙwauri, sun durƙusar da masana'antar: Kaduna Textiles ta rufe a 2002 ta bar ma'aikatanta suna jiran haƙƙoƙinsu shekara da shekaru, Arewa Textiles ta bi sahu, United Nigerian Textiles kuma ta dakatar da aiki a 2007. A daidai wannan lokaci rikice-rikicen 2000 da 2002 suka raba mazauna birnin, Musulmi da yawa suka ƙaura zuwa arewacin kogi, Kiristoci da yawa suka dawo kudu, abin da ya wargaza maƙwabtakar da amanar adashi ta dogara a kanta.

Duk da haka al'adar ba ta mutu ba, sai dai ta rage tsawon zangonta don ta dace da kuɗin shigar da ya koma na kullum. Tsohon ma'aikacin masaƙa da ya koma acaɓa ko tuƙa Keke Napep ko tireda ya shiga zubin yau da gobe, inda mai karɓa ke zagayawa da kati yana sa alama, a ƙarshen wata ya mayar wa mutum kuɗinsa bayan ya cire zubin kwana ɗaya a matsayin ladansa. Ƙungiyoyin mata na coci da na Islamiyya sun ɗauki salon asusun rance irin na Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991, yayin da malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati, waɗanda su ne suka rage da albashin wata, ke tura zubinsu ta waya suna lissafi a WhatsApp. Tun bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 tsohuwar matsalar nan ta masu ɗaukar ƙarshe ta sake dawowa, kuma adashin da ya fi ɗorewa a Kakuri da Sabon Tasha a irin wannan yanayi shi ne mai mutane kaɗan da gajeren zagaye.