Daga Marisuwa Zuwa Korona: Annoba da Talaka a Ƙasar Zuru

1.0 Gabatarwa

A wannan takarda muna so mu ɗauki annoba biyu, waɗanda shekara ɗari da biyu ta raba tsakaninsu, mu aza su a kan sikeli guda. Ta farko ita ce murar nan ta 1918, wadda dattawan ƙasar Hausa suka laƙaba wa suna marisuwa. Ta biyu kuwa ita ce korona ta 2020. Inda za mu tsaya mu yi hangen shi ne Manga, wani gari na manoma a Ƙaramar Hukumar Zuru ta Jihar Kebbi, watau ƙasar Lelna, mutanen da Hausawa ke kira Dakarkari. Mun zaɓi Manga ne domin ba ta da tashar jirgin ruwa, ba ta da ta ƙasa, balle ta sama. Duk abin da ya same ta daga waje, to wani ne ya shimfiɗa masa hanya, kuma tambayarmu ita ce wa ya shimfiɗa ta, don amfanin wa.

Ba za mu ɓoye inda muka sa gaba ba. Da tabaran siyasar talakawa za mu duba al'amarin, irin wadda jam'iyyar NEPU ta zo da ita ran 8 ga Agusta 1950, lokacin da Sanarwar Sawaba ta bayyana cewa akwai gwagwarmaya tsakanin talakawa da masu riƙe da mulkin En'e. Amma tabarau ma yakan yi ƙura, kuma za mu nuna inda ya yi.

2.0 Hanyar da Marisuwa ta Biyo

Marisuwa 'yar Yaƙin Duniya na Farko ce. Jiragen ruwan da ke jigilar soja da kayan yaƙi su ne suka yi ta yawo da ita. A watan Agusta 1918 wani jirgin yaƙin Ingila mai suna Mantua ya sauke ta a Firitawun, ƙasar Saliyo. Ran 14 ga Satumba jirgin nan Bida ya iso da ita Ikko. Daga nan sai ta hau jirgin ƙasa, ta kuma bi kwale-kwale a kogin Kwara. Layin dogo ya riga ya isa Kano tun 1911, kuma ta Zungeru ya ratsa, daga inda hanya ta miƙa Kwantagora, lardin da Turawa suka sa ƙasar Zuru a ƙarƙashinsa a farkon mulkinsu. Kafin shekarar ta ƙare cutar ta game Arewa. Masanin tarihi Don Ohadike ya ƙiyasta cewa wajen mutum 500,000 ta kashe a Nijeriya, daga cikin jama'ar da ba ta wuce miliyan 18 ba.

To, a nan ya kamata mu ɗan dakata. Wannan layin dogo ba don lafiyar kowa aka gina shi ba. An gina shi da aikin tilas domin kwashe auduga da gyaɗa da fatu da kuza zuwa bakin teku, da kuma kai soja duk inda aka ji ƙamshin tawaye, gama abin da ya faru a Satiru a 1906 bai bar zukatan Turawa ba. Hanyar da aka buɗe don fitar da arziki, ita ce ta shigo da ajali. Kuma ta shigo wa jama'ar da yunwar 1913 zuwa 1914 ta riga ta raunana, wadda yaƙi ya ƙara tatsa da ɗibar soja da 'yan dako.

Ƙasar Zuru tana da nata kaso na musamman a wannan tatsa. Al'adar Lelna ta golmo, inda saurayi ke shekara bakwai yana noma a gonar surukinsa tare da 'yan'uwansa samari kafin a ba shi mata, tana horar da namiji ga jimiri da bin umurnin shugaba. Turawa sun ga haka, suka mai da ƙasar rumbun ɗibar soja, al'adar da ta zarce har bayan mulkin kai, har ƙasar ta fitar da janar-janar irin su Sani Sami da Ishaya Bamaiyi. Abin lura shi ne, marisuwa ta sha bamban da sauran mura, domin majiya ƙarfi ta fi kayarwa, 'yan shekara ashirin zuwa arba'in, kuma da kaka ta sauka Arewa, lokacin da dawa ke jiran lauje. A ƙasar da noma ke kan wuyan 'yan golmo, kuma aka riga aka tsince wasunsu aka sa musu kaki, mai karatu zai iya auna abin da kwanciyar irin waɗannan samari ke nufi ga rumbu.

Me hukuma ta tanada? Ma'aikatar lafiya ta wancan zamani don Bature da sojansa da akawunsa aka kafa ta. Dokar Birane ta 1917, ta zamanin Gwamna Lugga, ta ajiye fili na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata, don kada cutar ɗan ƙasa ta tsallaka. Ƙidayar da ake yi wa mutanen karkara kuwa ƙidayar haraji ce. Ke nan hukuma ta san yawan mazan da suka isa biyan kuɗin kai a gari irin Manga, ta san yawan shanun da za a karɓi jangalinsu, tun kafin ta yi tunanin kafa ko da ɗakin shan magani.

3.0 Shekarar Kulle

Korona ita ma ta Ikko ta shigo, amma ta sama. Ran 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da ita a jikin wani Ba'italiye. Mutanen farko da ta kama masu fasfo ne, gwamnoni da manyan jami'ai da 'ya'yansu, har ta kashe Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar Shugaban Ƙasa, ran 17 ga Afrilu. Rufe filayen jirgin sama ya sa manya suka wayi gari tilas su kwanta a asibitocin da suka shekara da shekaru suna gudu. A Afrilun 2001 shugabannin Afirka sun taru a Abuja suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi. Gwamnatin Tarayya, wadda a gidanta aka yi alkawarin, ba ta taɓa cika shi ba.

Maganin da aka fara kawowa shi ne kulle. Ran 30 ga Maris aka rufe Ikko da Ogun da Abuja, a Afrilu aka rufe Kano, sannan aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi har zuwa 1 ga Yuli. An ɗauko wannan tsari ne daga ƙasashen da ma'aikaci ke da albashi da firji, aka ɗora wa mutanen da sai sun fita suke ci. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da kanta ta ce a 2019 mutum miliyan 82.9 ne ke rayuwa ƙasa da Naira 137,430 a shekara. Rajistar matalauta da aka ce za a bi a raba Naira 20,000 kuwa gida miliyan 2.6 ne a cikinta, Shugaba Buhari ya ba da umurnin a ƙara miliyan guda. Ko wanda bai yi makaranta ba ya san wannan lissafi bai tashi ba. Daɗin daɗawa, a tsakiyar Afrilu Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ba da rahoton cewa jami'an tsaro sun kashe mutum 18 wajen tilasta kulle, adadin da ya ɗara na waɗanda aka tabbatar cutar ta kashe a lokacin.

Ga manomin Manga, da ɗan'uwansa na Dabai da Senci, kullen ya faɗo daidai da azumi da kuma faɗuwar damina, watau lokacin da rumbu ke yin ƙasa, ake neman taki da iri, ake kuma dogara da abin da ɗan da ke bariki ko birni zai aiko. An tare hanya, an rufe makarantu, almajiran da gwamnonin Arewa suka yanke shawarar mayarwa jihohinsu aka yi ta lodinsu a motoci kamar buhuna, wasunsu da cutar a jiki. A wannan ƙasa ta Zuru ma wani kullen ya riga na gwamnati, domin 'yan bindiga sun fara hana mutanen Danko-Wasagu da Sakaba zuwa gona, har ta kai a Maris 2022 aka kashe 'yan sa kai fiye da sittin a kwanton ɓauna guda a yankin Sakaba. Ƙasar da ta shekara ɗari tana ba hukuma soja, ita ce ta koma tsaron kanta da bindigar toka.

Sai ga watan Oktoba 2020. Bayan zanga-zangar EndSARS, jama'a suka fasa rumbunan ajiya a Bukuru da Kaduna da Yola da Jalingo da Kalaba da wasu garuruwa, suka tarar da shinkafa da taliya da sukari maƙare, da tambarin CACOVID, ƙungiyar attajirai da bankuna da ta tara kayan don rabawa. Gwamnoni suka ce ba ɓoyewa suka yi ba, suna jiran lokacin rabo ne. Ko da mun karɓi wannan uzuri, yana nuna cewa yunwar Mayu sai ta jira takardar Oktoba. A shekarar nan dai gwamnati ta karɓi bashin Dala biliyan 3.4 daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya a Afrilu, a Satumba kuma ta ƙara kuɗin fetur da na lantarki.

4.0 Inda Tabaran ya yi Ƙura

Duk abin da muka zana a sama yana ƙarfafa hujjar masu ra'ayin talakawa. Amma adalci ya tilasta mu faɗi abu biyu.

Na farko, korona ba marisuwa ba ce wajen kisa. Waɗanda hukuma ta tabbatar ta kashe a Nijeriya sun ɗan haura 3,000 ne kawai, ko da yake gwaji ya yi ƙaranci ƙwarai, kuma masu haƙar kabari a Kano sun ga abin da alƙaluma ba su gani ba. Ministan Lafiya, Osagie Ehanire, ya ce cikin mace-mace 979 da aka bincika a Kano, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari suna da alaƙa da cutar. Duk da haka maganar da ta fi yawo a bakin talaka ita ce, wai cutar masu kuɗi ce, ko kuma ƙarya ce aka shirya don cin kuɗi. Wannan zargi yana da saiwa. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, shekarar sanƙarau, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya shafi yara 200, goma sha ɗaya suka mutu, kuma wannan tabo yana cikin abin da ya haifar da ƙauracewa rigakafin shan-inna a 2003. Amma aikin mai fafutukar talaka shi ne ya raba masa zare da abawa, ya ce masa cutar gaskiya ce, satar ma gaskiya ce. Da yawa daga cikinmu mun ji daɗin rabin maganar na biyu, muka yi shiru a kan na farko, alhali dattawan da aka yi ta binnewa a unguwannin Kano cikin Afrilu ba duka ne masu fasfo ba.

Na biyu, babu ƙungiyar da za ta ɗauki fushin ta mai da shi buƙata. A 1979 PRP ta ci Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali da hawansu mulki, domin akwai jam'iyya mai reshe a ƙauye da ta shekara kusan talatin tana nanata wannan buƙata. A 2020 kuwa ƙungiyoyin ƙwadago, NLC da TUC, sun yi shelar yajin aiki kan ƙarin kuɗin fetur da lantarki, suka janye ran 28 ga Satumba kafin a fara. Fasa rumbu ya ciyar da wanda ya iya ɗaukar buhu na kwana goma, manomin da ke nesa da babban birnin jiha kuwa ko ƙwaya bai gani ba. Wani abin da ba a cika tunawa ba ma shi ne, Malam Aminu Kano da kansa ya riƙe ma'aikatar lafiya ta tarayya a zamanin Janar Gowon, amma siyasar da ya bari ta fi shahara da yaƙar abin da hukuma ke karɓa daga talaka fiye da tsara abin da ya wajaba ta ba shi. Wanda ya yi ƙoƙarin kai asibiti ƙauye da gaske, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ya yi ministansa ne daga 1985 zuwa 1992, daidai lokacin da shirin SAP na 1986 ke karya darajar Naira yana tsuke bakin aljihun asibitoci.

A cikin waɗannan shekaru ne, a 1991, aka rufe ɗakin haɗa allurar rigakafi na Yaba, wanda ya daɗe yana yin ta agana da ta shawara da ta cizon mahaukacin kare, da sunan za a gyara. Saboda haka da korona ta zo sai muka shiga layi da ƙoƙon bara. A Oktoba 2020 Indiya da Afirka ta Kudu suka nemi Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta jingine haƙƙin mallakar fasahar rigakafin don kowace ƙasa ta iya haɗawa, ƙasashen masu kamfanonin suka yi ta jan ƙafa. Kason farko da ya iso Abuja ta shirin COVAX ran 2 ga Maris 2021 bai kai allura miliyan 4 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200. A Disambar wannan shekara kuma hukumomin lafiya suka kwashi allurai fiye da miliyan guda, waɗanda aka ba mu kyauta suna dab da lalacewa, suka kai su juji a bayan garin Abuja, aka bi ta kansu da katafila.