TASKA

taska (taskàa) *sn., mc., jam.* taskookii.

1. Ɗaki ko akwati inda ake adana dukiya da kaya masu daraja: *taskar sarki*, *ya kulle alkyabbarsa a taska*.

2. Ma'adanar littattafai da takardun tarihi: *taskar malam cike take da rubuce-rubucen ajami*.

3. *(fas.)* taskar gida: kwamfutar da mutum ya keɓe a gidansa, ko da ƙarama ce irin Raspberry Pi, ya ɗora mata manhaja kamar Nextcloud, domin hotunan iyalinsa da wasiƙunsa su zauna ƙarƙashin ikonsa, maimakon ya damƙa amanarsu ga kamfanin da bai san inda yake ajiye su ba: *ya kafa taskar gida saboda kiyaye sirrin iyalinsa*.

4. *(fas.)* taskar ko-ta-kwana: kwafin bayanai da ake tanada saboda halin ɓata, sata, gobara ko lalacewar na'ura. Ƙa'idar ma'abota wannan fanni, 3-2-1, ita ce kwafi 3, a kan na'urori iri 2, 1 daga ciki a wajen gida: *ya kai faifai guda gidan wansa, bayan ya kulle shi da kalmar sirri*.

*Tsr.:* taskace (taskàcee) *fi.* adana cikin tsari, taskacewa *sn. fi.*, taskatacce *sif., mc.* taskatacciya, *jam.* taskatattu.

*Dubi:* ajiya, amana, ma'aji, sirri.

*Fa'ida:* taskar da ba a jarraba dawo da abin cikinta ba, ba abin dogaro ba ce.